Kafin Jami'a Ta Fita Zuwa Ƙauye

Mun zauna da wasu malamai da ɗaliban Jami'ar Marwa da ke arewacin Kamaru, wadda aka kafa a 2008, kan yadda za a kai horo ga manoma da matan karkara. Ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda a fara da gaisuwa. Ba a shiga gari sai an biya ta wurin lamiɗo ko lawan ko jauro, a bar shi ya sanar da jama'arsa da bakinsa.

An fi daɗewa a kan lokaci. Daga Yuni zuwa Satumba mutane na gona, ana gama damina kuma sai dashen masakwa, wato dawar rani, wadda Fulani ke kira muskuwari. Wani dattijo ya ce: "'Ya'yana, in kun zo ana dashe, kujeru za ku koyar." Don haka aka ce a jira bayan girbi, a kuma kauce wa ranar kasuwa da Juma'a. Ni dai na ga har azumi ya kamata a duba.

Sai harshe. Faransanci na aji ne. A ƙauye Fulatanci ke aiki, wajen garin Kusseri na kan iyakar Chadi kuma Larabcin Shuwa. A nemi tafinta ɗan gari.

Mata su samu nasu zaman da malama mace, bayan azahar. Kuɗin mota kuwa an yi gardama: wasu sun ce a bayar, wasu sun ce masu zuwa don sefa za su cika wurin. Ba a cimma matsaya ba.