Shin gahawa tana kare furostet, ko matsalar fitsari take ƙarawa?

Baban Hauwa:
Assalamu alaikum. Shekarata 56, kuma na fi shekara 20 ina shan gahawa kofi uku a rana, biyu da safe, ɗaya bayan sallar isha'i. Wata shida ke nan ina tashi fitsari sau uku ko huɗu cikin dare, kuma ba ya fita da ƙarfi kamar da. Wani abokina ya ce in ƙara sha domin an gano tana kare furostet (wata gaɓa ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara), uwargida kuwa ta dage cewa ita ce take hana ni barci. Maganar wa zan kama?

Malam Iliya:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar abokinka tana da tushe, sai dai ya ɗora ta inda ba wurinta ba. A 2011 masu bincike na Jami'ar Harvard da ke Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar maza kusan 48,000 da aka yi daga 1986 zuwa 2006, inda suka ga cewa masu shan kofi shida ko fiye a rana haɗarin kamuwarsu da kansar furostet mai kisa ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100, idan aka kwatanta da waɗanda ba sa sha. Abin lura shi ne, har gahawar da aka cire wa sinadarin kafeyin ta nuna hakan. Amma bibiya ce kawai aka yi, ba a tabbatar cewa gahawar ce ta yi aikin ba, kuma akasarin mutanen fararen fata ne ma'aikatan lafiya, alhali baƙar fata sun fi kowa haɗarin wannan kansa.

Ma'aikacin Jinya:
Baba, abin da ka bayyana ya fi kama da kumburin furostet da tsufa ke kawowa, wanda daban yake da cutar kansa. Furostet tana ƙarƙashin mafitsara ne, ta kewaye hanyar fitsari, saboda haka idan ta ƙara girma sai ta matse hanyar. Kafeyin kuwa yana ƙara yawan fitsari, yana kuma tsokanar mafitsara, don haka kofin nan na bayan isha'i shi ne na farko da ya kamata ka ajiye. A nan dai Hajiya ce da gaskiya. Duk da haka kada ka tsaya a kan zato, domin ciwon suga ma yana tayar da mutum fitsari cikin dare. Ka je asibiti likita ya duba ka, a auna suga, a kuma yi gwajin jini na PSA, wanda ke taimakawa wajen gano matsalar furostet. Idan ka ga jini a fitsari, ko ya tsaya maka gaba ɗaya, to a ranar za ka tafi, ba sai gobe ba.

Ɗan Kurmi:
Ina so in ƙara abin da ake yawan mantawa: goro ma yana da kafeyin, haka shayi. Mahaifina ya bar Nescafé amma ya ci gaba da cin goro har dare, ya yi ta mamakin yadda tashin bai ragu ba.

Baban Hauwa:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Goron nan kam ban taɓa sa shi a lissafi ba. Na ajiye kofin dare daga yau, ranar Litinin kuma in sha Allahu zan ga likita.