Keken lantarki: injin 250W na tsakiya ko 750W na taya, wanne zai hau tudu da ni?

Mai_Tudu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Keken lantarki nake son saya don zuwa aiki, matsalar akwai wani dogon tudu a hanyata wanda ko mai ƙarfin ƙafa sai ya sauka ya tura, kuma ni ba ƙaramin mutum ba ne, kilo 95 nake ga jaka a baya. Guda biyu na gani, ɗaya injinsa a tayar baya an rubuta 750W, ɗayan injin a tsakiya wurin feda 250W kacal amma an sa masa ƙarfin murɗawa 85Nm. Wanda ya taɓa hawa tudu da ɗayansu don Allah ya faɗa min abin da ya gani.

Ɗan_Gudu: Wa alaikumus salam. 750 mana, wannan ai ko tambaya babu. Nawa in na murɗa totur ba mai shan ƙurata.

Mai_Tudu: Malam tudu fa na ce, ba shimfiɗaɗɗiyar kwalta ba.

Baban_Yara: Hmm ɗan'uwa ka ji daga bakin wanda ya ji a jikinsa. Nawa ma 750W aka rubuta, na taya, farkon tudu yakan ɗauka da ƙarfi sai a tsakiya ya fara nishi gudu na raguwa ni kuma ina ƙara murɗa totur, ran nan kawai na ji ƙauri, na sauka na taɓa murfin injin wallahi sai da na yarfe hannu. Daga nan taya ta koma fizga tana tsayawa. Bakanike ya buɗe, kwayil ya yi baƙi ƙirin, ƙananan giyoyin roban nan na ciki haƙoransu sun cinye. Na koma wurin wanda ya sayar min, buɗar bakinsa wai na yi masa lodi. Lodin me, ni da jakata? Har yau keken na jingine a bango.

Hajiya_Feda: Allah ya mayar da alheri Baban Yara.

Injiniya: Abin da ya same shi ba tsautsayi ba ne. Injin taya giya ɗaya gare shi, in tudu ya rage masa gudu sai yawancin wutar da yake ja ta koma zafi. Na tsakiya kuwa ta sarƙa yake ja, in ka sa giya mai sauƙi yana ci gaba da juyi da sauri ko da keken na tafiya a hankali. Mai_Tudu kai da keke ku ce kilo 125, tudun da ke tashi mita 10 a kowane mita 100, a gudun kilomita 12 a awa kusan wat 400 hawan kaɗai zai ci. Kuma 250W ɗin nan kar ya ruɗe ka, dokar Turai ce ta ƙayyade shi tare da gudun kilomita 25 a awa, ƙarfin da injin zai jure bayarwa ba tsayawa ne, in an matsa yana wuce haka sosai. Amurka ce ke barin 750W.

Ɗan_Gudu: Oga ka taɓa hawa kuwa, ko lissafin takarda ne? Nawa bai taɓa ƙonewa ba.

Baban_Yara: Kai da gudu kawai ka ambata, ba hawa tudu ba.

Sarkin_Zolaya: Mai_Tudu ka rage kilo 20 tukuna, ko 100W ma ya ishe ka 😂

Hajiya_Feda: Ni na tsakiyar nake hawa kuma gaskiya yana hawa, amma Injiniya bai faɗa muku yadda yake cin sarƙa ba. Sai ka sauya giya tun kafin ka shiga tudun, in ka bari sai kana tsakiya za ka ji ƙas, wani lokacin ta tsinke. Kuma nawa ba totur, sai ka taka yake taimaka maka.

Ɗan_Gudu: To in sai na taka meye amfanin batir Hajiya? Ga shi kuɗinsa ya ninka.

Hajiya_Feda: Bai ninka ba Malam, ka haɗa da gyaran Baban Yara ka gani.

Baban_Yara: Batir ɗin ma ai wani ciwon ne. Nawa 48V 20Ah (Ah ɗin shi ne yawan cajin da yake ɗauka) aka manna masa, amma da caji ya kai rabi in na doshi tudu sai allon ya nuna saura layi ɗaya ya ɗauke wuta, in na huta ya dawo layi uku.

Injiniya: 48 sau 20 wat-awa 960 ke nan, batir irin wannan nauyi gare shi. Ka ɗora naka a sikeli.

Baban_Yara: Da hannu ɗaya ƙaramin yarona ke ɗauko min shi.

Sarkin_Zolaya: To ai takardar da aka manna ka saya Baba, batir ɗin gyara aka yi maka.

Ɗan_Gudu: Nawa ma haka yake ɗaukewa fa, ni duk zatona caja ce. Akwai wanda ya san yadda ake gwada Ah na gaskiya ba tare da an farke batir ba?