Man gyaɗarmu na dawowa daga shaguna, wane zane za mu kafa a bango?

Uwar Ƙungiya, Garwa:
Assalamu alaikum. Mu mata 14 ne, muna matsar man gyaɗa muna zubawa a robobin lita 1. Masu shaguna sun fara dawo mana da shi: wani ya ce wari, wani ya ce laka ta kwanta a gindin roba, wani murfi ke yoyo. An ce mu riƙa zana matsalar a bango kowa ta gani. Wane zane, kuma ta ina ake farawa? Rabinmu ba su yi boko ba.

Mai Awo, Marwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙirga ce farko, zane na biye. Ku samu kwali babba, ku ja layi huɗu: wari, laka, yoyo, sauran. Duk robar da ta dawo, a ja mata sanda ɗaya a layinta, a rubuta ranar da aka matsa man. Ku yi haka sati huɗu. Daga nan ku jera su kamar tsani, mafi yawa a hagu. Shi ake kira zanen Pareto. Misali in robobi 40 suka dawo, 26 na wari ne, to wari kaɗai za ku sa a gaba, sauran su jira. Dole kowace roba ta ɗauki ranar matsa da alamar wadda ta yi aikin, in babu wannan ƙirgar ba ta nuna komai.

Injiniya, Ngaundare:
Bayan ƙirgar sai ƙashin kifi, zanen da Kaoru Ishikawa na Japan ya yaɗa a shekarun 1960. A zana ƙashin kifi, a wurin kansa a rubuta "wari". Ƙasusuwa biyar ne, kowanne wata hanya ce da matsalar ke iya fitowa, waɗanda suka yi karatu da Faransanci sun san su da 5M: gyaɗar kanta, kayan aiki, hanyar aiki, masu aiki, da wurin ajiya. A wurinku Hajiya, ga abin da za a rataya: gyaɗa mai fumfuna ko wadda ba ta bushe ba, injin markaɗe da ba a wanke tsohon ƙulli ba, man da ba a dafa har ruwansa ya ƙone ba, robar da aka wanke aka zuba mai tana da danshi, da ajiya a rana. Ruwa, zafi, haske da iska su ke lalata mai. Gyaɗa mai fumfuna kuwa ku tsince ta ku zubar, tana iya ɗauke da gubar da ke cutar da hanta, kuma suya ba ta kawar da ita.

Waɗanda ba sa karatu, a liƙa musu abin da kansa: ƙwayar gyaɗa baƙa da salatif, murfin roba, zanen rana.

Yaya Babba, Njamena:
Inda ake faɗuwa shi ne a gyara abu biyar rana ɗaya, in mai ya gyaru ba a san wanne ya yi aiki ba. Ku zaɓi ƙashi ɗaya, a ce busar da robobi a kife kwana guda kafin zubi. Ku gwada sati uku, kuna ɗiga adadin robobin da suka dawo kowace Juma'a a kan layi. In layin ya sauka, ya zama doka, ku koma ƙashi na gaba. Kwalin ya zauna inda ake zubi, mace ɗaya ke da alhakin cika shi.

Uwar Ƙungiya, Garwa:
Allah ya saka da alheri. Gobe za mu fara sa ranar matsa a jikin robobi.