Mutum-mutumin da ya manta ko shi wane ne: nawa zan gaya wa mai shi?

Ɗan Garwa ya rubuta:

Salamu alaikum jama'a. Ni ke jan wasan Dungeons & Dragons a nan Garwa, wasan tatsuniya da kowa ke riƙe da jarumi ɗaya ni kuma ina jan labarin, mu biyar, duk daren Asabar bayan isha'i a zauren gidanmu. Bugu na biyar muke bi, wanda ya fito a 2014. Dokokin na Faransanci ne a wayata, ni nake mayar da su Hausa, in rigima ta kaure kuma sai ka ji Fulatanci ya shigo.

Ƙanena ne ya ja mini aiki. Ya zaɓi warforged, mutum-mutumin nan na itace da ƙarfe na duniyar Eberron, a takardar jarumin ya cike ƙarfi da dabara da makamai, wajen tarihi kuwa ya bar shi fari fat. Ya ce, "Yaya, ƙwaƙwalwarsa ta goge, kai ka rubuta, ni ba na son in sani." Na ji daɗi har raina. Na sa 'yan wasa suka tsinto shi rabi a binne cikin taɓo a bakin kogi, kamar abin da Binuwai ke bari in ruwa ya ja da rani. Suka raɗa masa suna Tsatsa.

Na rubuta shafi uku. A ciki, Tsatsa ne ya ƙone ƙauyen su mai maganin ƙungiyar, wadda ƙanwar abokina ke wasa da ita. Tsarina shi ne duk mako ƙanena ya jefa ƙwayar wasa, irin ta ludo amma mai fuska 20, in ya sami 15 ko sama in ba shi guntun tuni. Mako huɗu ke nan yana faɗuwa. Asabar da ta wuce na ɗago kai na gan shi yana latsa waya a ƙarƙashin tire ɗin shayi. Ya zan yi? Kuma in faɗa masa maganar ƙauyen tun yanzu, ko in bari ta fashe a tsakiyar wasa?

Mai Gyaran Waya, Marwa, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kai ka kulle ƙofar da hannunka. In ba ƙarin maki, fuska 6 ce kawai cikin 20 ke ba shi nasara, kashi 30 cikin 100 ke nan. Ka ɗauki abin da ya sa yaron ya zauna a tabarmarka ka miƙa wa sa'a. Ƙwaya ta faɗa ce da tsallake rami. Cire ta daga wannan maganar.

Bari in ba ka daga sana'ata. Kullum ana kawo mini memori a ce an yi fomatin, komai ya tafi. Yawanci bai tafi ba. Abin da aka share shi ne jerin da ke nuna inda kowane abu yake, hotunan suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. In na jawo su, ba sa zuwa a jere kuma ba suna: rabin hoton biki, ƙasansa toka-toka, muryar wata tsohuwa ta daƙiƙa goma, ba ka san ko wace ce ba. Haka Tsatsa zai riƙa tunawa.

Kuma kada ka tsaya kana ba da labari mai tsawo sauran na hamma. Ka sa a hannunsa. Su iso ƙofar kagara, yatsunsa su buɗe makullin kafin ya yi tunani. Wani tsohon soja ya gan shi ya miƙe tsaye ya sara masa, sannan ya juya ya gudu. Ka ce da ƙanenka, "Hannunka ya san wannan ƙullin, me za ka yi?" Wallahi zai ajiye wayar.

Malama daga Ngaundare ta amsa:

Na yarda da mai gyaran waya a kan ƙwaya, amma ni maganar ƙauyen ce ta tsaya mini. Malam, mutum biyu ka ɗaure da igiya ɗaya ba ka tambayi ko ɗaya ba. Yarinyar nan ta san iyayen mai maganinta za su zama makamin da za ka soki wani da shi? An taɓa yi mini irin haka a wata ƙungiya lokacin ina ɗaliba a jami'ar Ngaundare da ke Dang. Mai jan wasan ya tashi rana ɗaya ya ce jarumata ce maciyar amana tun farko. Wata uku ina gina ta mai riƙon alkawari. Ban sake komawa ba. Balle a yankinmu, ƙone ƙauye ba tatsuniya ba ce ga kowa, akwai wanda danginsa suka baro gida saboda irin wannan.

Ba sai ka tona asirin ba. Ka ja kowannensu gefe. Ƙanenka ka tambaye shi: in ya zamana Tsatsa ya yi mugun abu a da, za ka iya ɗauka? Akwai abin da ba ka yarda ya kasance ya aikata ba? Ita kuma ka tambaye ta ko tana son mai laifin ya bayyana kusa da ita.

Sannan ka yi amfani da Eberron ɗin kanta, Keith Baker da ya ƙirƙiro ta ya riga ya yi maka rabin aiki tun 2004. A labarin Eberron, dangin maƙera da ake kira Gidan Cannith ne ya ƙera warforged yana sayar wa kowane ɓangare a Yaƙin Ƙarshe, kuma wasan na farawa ne shekara biyu kacal bayan yarjejeniyar Thronehold da ta 'yanta su ta kuma hana ƙera sababbi. Wato waɗanda suka sayi Tsatsa da waɗanda suka ba shi umarni suna nan da ransu, takardar cinikinsa na cikin wani akwati. Kayan wani ne a lokacin. To laifin na wa? Wannan tambayar ta fi "kai ne ka yi" daɗin wasa nesa ba kusa ba. Ka tuna kuma warforged ba ya barci, sa'a shida yake yi a tsaye cik yana gani yana ji, don haka kada ka ba shi mafarki. Sauran na minshari, shi yana gadi shi kaɗai da abin da ya tuno.

Baban Ambasatna, Injamena, ya amsa:

Ku yi haƙuri yarana, ni dai duk wanda ya zo mini da "jarumina ya manta komai" na san ƙyuyar rubutu ce. Maganinsa: yanka kwalin shayi gida shida, ka rubuta uku, shi ya rubuta uku ba ka gani ba, a zuba a hula. In labari ya kai inda ya dace a zaro ɗaya. Kai ma ka ɗanɗana rashin sani. Shafi ukun nan naka kuwa, biyu sun yi yawa.

Ɗan Garwa ya dawo:

Na gode ƙwarai. Baba, ƙyuyar gaskiya ce, na karanta masa ya yi dariya bai musa ba.

Malama, na yi magana da su. Ƙanena ya ce komai ya ɗauka ban da taɓa yara. Ita kuwa ta ce ba ta son ya zama shi ya kunna wutar, amma tana son ya kasance yana wurin. Sai na yage shafi na biyu.

Jiya wutar lantarki ta ɗauke, muka yi da tocilan. Suna kwana a daji, mai magani ta fara rera waƙar da uwarta ke yi mata, ita ta ƙirƙiro abinta a take. Na tura wa ƙanena guntun kwali: "Ka san baiti na gaba." Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ce Tsatsa bai ce komai ba, ya tashi ya koma can bakin duhu ya juya baya. Shayin ya huce ba wanda ya sha.

Yanzu ta ce mako mai zuwa za ta tambaye shi dalilin tashinsa, ni kuma ban san abin da ya rubuta a kwalayensa uku ba.