In zauna IELTS ne ko in dogara da WAEC ɗina? Waɗanda suka je Ingila ku taimaka

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Jami'o'i biyu a Ingila sun ba ni gurbin mastas a fannin kiwon lafiyar al'umma, zangon Satumba, amma kowace da sharaɗinta. Ta farko ta yi min ragin kuɗin makaranta, sai dai ta ce in kawo maki 6.5 a IELTS, wato jarrabawar gwada Turanci, kuma kada wani ɓangare ya gaza 6.0. Na tambaye su ko zan kawo ta Duolingo, jarrabawar Turanci ta intanet, sun ce ba sa karɓa. Ta biyu ta ce C6 a Turancin WAEC ya ishe ta, ni kuwa C5 gare ni, amma kuɗinta ya fi tsada sosai kuma babu ragi. WAEC ɗin ta 2013 ce. Ina aiki har biyar na yamma, karatu sai dare. Wacce zan kama?

Abban Nana: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, yi Duolingo kawai. A ɗakinka za ka yi ta a kwamfuta, kusan awa ɗaya, bayan kwana biyu sakamako ya fito. Ƙanena dala 59 ya biya.

'Yar Zariya: Malam, ai ya faɗa ba sa karɓa. Kuma ta wuce 59 yanzu, ni dala 65 na biya.

Sarkin Yawo: Me ya kai ka Ingila? Gwamnatin Turkiyya na buɗe tallafinta duk Janairu zuwa Fabrairu, har da masauki da kuɗin kashewa, kuma su koya maka yarensu shekara guda kyauta.

Baban Walid: Ɗan Fagge, tsaya ka ji nawa kafin ka tura wa kowa ko kwabo. A 2023 wani wakili ya rantse min WAEC ta wadatar. Ofishinsa tsaf, ga tutocin ƙasashe jere a kan tebur, ga hotunan ɗalibai a filin jirgi manne a bango. Na yarda. Na sayar da filin da na gada daga mahaifina na biya kuɗin kama gurbi. Sai da lokacin fitar da CAS ya zo, wato takardar da babu biza sai da ita, makarantar ta rubuto cewa WAEC ɗina ta haura shekara goma, ba za su karɓa ba. Ashe a shafinsu yake rubuce tun farko, shi wakilin ne bai faɗa min ba, ni kuma a hannunsa adireshin imel ɗin yake.

Haka na faɗa IELTS babu shiri. Sauraro 7, karatu 6.5, magana 7, rubutu 5.5. Rabin maki ɗaya ya tsayar da ni. Suka ce in zo in yi kwas ɗin share fage na Turanci, da kuɗinsa daban. Ana cikin haka aka saki Naira a watan Yuni, dalar da banki ke bayarwa a kan ɗari huɗu da sittin da wani abu ta tashi, a farkon 2024 ta haura 1,500. Kuɗin da na tanada ya koma bai kai rabi ba. Na nemi a dawo min da abin da na biya, wakilin ya daina ɗaga waya, makarantar kuma ta cire kaso mai yawa. Har yau mahaifiyata ba ta bi ta layin da filin yake.

Maman Hanif: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya mayar maka da mafi alheri, Baban Walid.

Ɗan Fagge: Amin. Yaya, maganarka ta tayar min da hankali, don tawa ma ta haura goma. Amma a wasiƙar ba su ambaci shekaru ba.

Baban Walid: Ni ma a tawa ba su ambata ba. Ka rubuta musu da hannunka, ka ce ta 2013 ce, su amsa maka a rubuce.

Auta: Shi IELTS ɗin nawa ne ma yanzu? Ni dubu 107 da ɗari biyar na biya.

'Yar Zariya: Wannan tsohon zance ne. A Fabrairun 2024 ya koma dubu 139.

Abban Nana: Wane 139? Bai daɗe a haka ba ya haura dubu 260. Kuma ta UKVI, wato wadda hukumar bizar Birtaniya ta amince da ita, ta fi tsada.

Malamin Turanci: Duk ku duba shafin British Council ko IDP, masu shirya jarrabawar, farashin yana canzawa. Ɗan Fagge, kafin ka biya ka tabbatar wacce suke so. Ta Academic ce ta mastas, ba General ba, kuma jami'o'i da yawa ba sa tilasta ta UKVI a matakin digiri. Ni shawarata ka zauna. Sakamakon yana aiki shekara biyu, ka ga ko wannan ta kufce kana da abin nema a Kanada ko Ostareliya. Inda mutanenmu suka fi faɗuwa rubutu ne. Minti 60 ne, aiki biyu: na farko kalma 150 kana bayanin jadawali ko zane, na biyu kalma 250 kana kare ra'ayi, kuma na biyun ya ninka na farko nauyi. Sai ka ga mutum ya ƙarar da minti 35 a na farko. Mun saba da rubutun haddace, mu buɗe da dogon yabo da manyan kalmomi, su kuma amsar tambayar suke nema. Sauraro kuma sau ɗaya ake kunna maka, tambaya 40. Idan a kwamfuta ka yi, akwai damar maimaita ɓangare ɗaya cikin kwana 60, amma sai ka tambayi makarantar ko tana karɓa.

Na Sheffield: Da girmamawa Malam, kai darasin IELTS kake sayarwa, dole ka ce a zauna. Ni da WAEC na zo, ga ni ina aji, babu wanda ya sake tambaya ta.

Malamin Turanci: Ban sa lambar wayata ba, ban ce ya zo wurina ba. WAEC ɗinka ta wace shekara ce?

Na Sheffield: 2017. Amma dai wanda ya taka ƙasar ya fi wanda ke Kano sanin abin da ake ciki.

Maman Hanif: Baban Walid bai taka ba, amma wa ya fi shi ba yaron nan abin amfani yau?

Auta: Ni dai Ɗan Fagge ranar magana ka riƙe P da F ɗinka da kyau, kada "pipul" ya koma "fiful" Baturen ya ɗauka sunan gari ne 😂

Malamin Turanci: 😂 Ba a rage maki don harshenka na Bahaushe, matuƙar ana gane abin da kake faɗa. Minti 11 zuwa 14 ne duka.

Na Sheffield: Abin da ba ku lissafa masa ba ya fi jarrabawar nauyi. Kuɗin lafiya fam 776 a shekara tun Fabrairun 2024, ga kuɗin biza, ga gwajin tarin fuka a Abuja ko Legas, ga kuɗin zaman wata tara da za su kwana 28 a asusu ba a taɓa ba. In kana da iyali, tun Janairun 2024 mai mastas na zaman aji, ba na bincike ba, ba ya zuwa da su.

Hajiya Babba: Ku kuna ta jarrabawa, ni ɗiyata komai nata ya kammala, tiranskirif ne, wato takardar sakamakon jami'a, ya riƙe ta. Ta biya a banki, ta kai rasit, aka ce fayil yana sashe. A sashe aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ƙarshe da idonta ta ga fayil ɗin a ƙasan kabad, ɗaure da igiya, ƙura ta rufe shi. Wata na huɗu ke nan.

'Yar Zariya: Hajiya, haka aka yi min. An ce an tura, makarantar can ta ce ba ta gani ba, ashe harafi ɗaya aka ɓata a adireshin imel. Sai da na sake biya.

Abban Nana: Kuma wani a ƙofar ofishin zai ce ka ba shi dubu 30 ya fito maka da shi cikin sati.

Auta: Mu dubu 50 aka ce mana.

Hajiya Babba: Ni ba zan bayar ba, hakkinta ne. Akwai wanda ya taɓa rubuta wa magatakardan jami'a kai tsaye aka saurare shi? Wa'adin da makarantar ta ba ta ƙarshen watan nan ne.