Wane harsashi ne ba ya dukan kafaɗa? Ina neman shawara

Salam ƴan uwa, dan Allah masu farauta a nan Amurka ku taimaka min. Ina zaune a Ohio, shekara shida ina fita farautar barewa da wani maƙwabcina, to yanzu amosanin gaɓɓai ya kama min kafaɗar dama da yatsu, bara da na harba slug (harsashi mai ƙwaya ɗaya babba) na bindigar 12 gauge sau uku kacal wallahi kwana biyu ko hannun riga ban iya sakawa ba sai da madam ta taimaka.

Kowa cewa yake in sayi .243 Winchester tunda ba ta da duka, amma dokar Ohio ba ta yarda da ita ba wajen barewa, a rifle sai harsashi mai miƙaƙƙen kwanso mai kauri daga inci .357 zuwa .50. Na gwada .450 Bushmaster ta maƙwabcin, kai, wannan ai jaki ce. Saura 350 Legend da kamfanin Winchester suka fitar a 2019, ita ce ban taɓa harbawa ba.

Wanda ya yi amfani da ita, tana kayar da barewa a yadi 150 kuwa? Kuma bindiga mai nauyi ta fi rage dukan ko robar gindin bindiga ta isa? Don nauyin ma yatsun nan ba sa so. Ana buɗe farautar barewa da bindiga bayan bikin Thanksgiving na ƙarshen Nuwamba, lokaci na ƙurewa.