Taimako: me za mu kira "newt" da Hausa? Alhamis za a naɗi murya

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina fassara wani shirin kimiyya na yara a kan yadda mutanen Ingila ke haƙa ɗan kududdufi a bayan gida, kwaɗi su zo su tare. Dabbobi uku ne a ciki, frog da toad da newt. Biyun farko duk kwaɗo muke ce musu, na ukun kuma ba mu da shi sam. Siffarsa kamar tsaka, ƙafa huɗu da jela, amma fatarsa da danshi, kuma a ruwa ake ƙyanƙyashe shi. Dole in bambance su, don shirin ya ce shi na ukun yana cin 'ya'yan frog, amma yakan ƙyale na toad saboda rashin daɗinsu a baki. In na ce kwaɗo na cin 'ya'yan kwaɗo ya bar na kwaɗo, ai yara sai su ce na zare.

Ɗan Zazzau: Ƙadangaren ruwa mana, Hajiya. An gama.

Malamin Bayoloji: A'a ƙanena, kama da wane ba ta wane ba ce. Ƙadangare yana da ɓawo a jiki, a tudu yake saka ƙwai. Wannan kuwa ɗan uwan kwaɗo ne na jini, yana fara rayuwa da numfashi irin na kifi kafin huhu ya fito masa. Sannan duk Bahaushen da ya ji ƙadangaren ruwa, guza zai tuna. Dalilin da ya sa ba mu da sunansa, babu shi a Afirka kudu da Sahara, sai can arewa, Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Masana sun sa shi a rukunin da sunansa ke nufin masu jela. Don haka ni dai kwaɗo mai jela.

Ɗan Zazzau: Malam, ɗan kwaɗo ma ai yana da jela kafin ya girma. Kenan kwaɗo mai jela na cin 'ya'yan kwaɗo masu jela? Ka ƙara dagula wa Hajiya lissafi.

Ɗan Damagaram: Mu nan a makaranta triton muka koya, da Faransanci. Ku ce niyut, mu ce tiriton, kowa ya kama gabansa.

Alaramma: Subhanallah. Wai me ya sa kullum sai an ruga wurin Bature? Larabawa na da samandal, wannan na ruwan kuma su ce samandalul ma'i. A ce samandal kawai. Harshen da ya ba mu littafi da alƙalami da duniya da lahira ba zai gaza ba mu sunan ƙaramar dabba ba.

Ɗan Zazzau: Allah gafarta Malam, aro dai aro ne, ko daga Makka ko daga Landan.

Alaramma: Ba ɗaya ba ne. Larabci ya yi ɗaruruwan shekaru a bakinmu, ya zama ɗan gida. Ku yaran yanzu ba ku iya jimla biyu babu "actually" a ciki, shi ya sa kuke jin kunyar duk abin da bai zo da Turanci ba. Samandal yana da nauyi a baki, niyut kuwa kamar an taka wutsiyar mage.

Ɗan Damagaram: To mu da aka yi wa mulki da Faransanci, ina za a sa mu? Kullum in an tashi gyaran Hausa, sai a yi kamar a Kano ta fara a Kano ta ƙare.

Gwaggo Mai Rediyo: Kai, ku bari. Yarinya ta zo da aikinta kun mayar da shi gasar asali. Na yi shekaru ina karanta labarai, abin da kunne bai kama ba nan take ya faɗi ƙasa, mai sauraro ba ya da damar komawa baya. Ni tsakar ruwa ya kwanta min, yaro na ji zai ga hotonta.

Malamin Bayoloji: Gwaggo, a yi hattara. Tsaka dabba ce da mutanenmu ke kashewa da zarar sun gan ta. Shi kuwa babban nau'in niyut ɗin nan mai tukku a baya, ɗaya daga cikin ukun da Birtaniya ke da su, dokar 1981 ce ke kare shi, ko kama shi sai da lasisi. Kada shirin ya ce a kiyaye, sunan ya ce a kawo takalmi. Samandal kuma matsalarsa sunan dangin ne gaba ɗaya, ranar da salamander, wani ɗan uwan niyut, ya shigo wani shirin za a sake zama.

Alaramma: Sai a ce samandalin ruwa. Me ya yi zafi?

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Frog da toad fa? Kowa ya manta da su.

Gwaggo Mai Rediyo: Burduddugi da kwaɗo.

Malamin Bayoloji: Burduddugi ƙato ne, nasu kuwa bai cika tafin hannu ba. Ki ce kwaɗon ruwa ga mai santsin fata da dogon tsalle, wanda ke zuba ƙwai a dunƙule. Kwaɗon tudu ga mai ƙuraje da ke tafiya a hankali, shi ƙwansa a jere yake kamar carbi. Na ukun kuma ɗaya-ɗaya macen take sakawa, ta naɗe kowanne a ganyen ciyawar ruwa.

Ɗan Zazzau: Ni abin da ya ɗaure min kai, mutum da hankalinsa ya haƙa kududdufi a gida yana gayyatar kwaɗi. Mu nan ai sauro ne zai fara amsa gayyatar.

Maman Ilham: To, na ɗauki kwaɗon ruwa da kwaɗon tudu. Na ukun, a farkon shiri zan ce "wani ɗan uwan kwaɗo mai jela da Turawa ke kira niyut", daga nan in ci gaba da cewa mai-jela. In furodusa ya ƙi, sai in koma tsakar ruwa.

Gwaggo Mai Rediyo: Zai ƙi, ki rubuta ki ajiye.

Alaramma: Ban gamsu ba. Amma tunda Alhamis ta matso, a yi hakan. In za a buga shi a littafi, a neme ni tukuna.